Babin da Baba Maniru Bai Rubuta Ba

Shagari, 6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga ɗiyata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da mutanen gida da ɗalibanki na makarantar 'yan mata. Mu nan Shagari sai godiya, in ban da zafi da ya hana tsofaffi sakat. Ƙafata ta dama tana yi mini gardama, amma ɗiyata Basira tana kula da ni. Kin san kunnena ya daɗe da mutuwa, ƙarar injin jirgi ta cinye shi tun ina da ƙarfina. Shi ya sa ba ni waya, sai takarda, in ba mai mota ya aje miki a makaranta.

Rabona da ke tun zaman makokin autanki Nura, shekara guda ke nan da wata biyu. Na ga yadda kinka kau da kai ran da na shigo gaisuwa, ban kuma ga laifinki ba. Amma ni da mahaifinki Sama'ila kakanmu guda a Sifawa, don haka ko kin juya mini baya, ni dai ubanki ne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wata Malama Rashida ta taho daga wata maɗaba'a ta Sakkwato. Suna tattara tsofaffin littattafan waɗanda sunka tuƙa jirgin yaƙi, suna sake buga su da sabon bango da hotuna. Sun tono nawa, Bisa Gajimare, wanda anka buga shekara arba'in da uku da sunka wuce. Ni kaina ba ni da ko kwafi guda, na ƙarshen Nura na ba tun yana yaro. Ta rubuta mini a takarda cewa yaran yanzu ba su san an taɓa samun ɗan Shagari da ya tuƙa jirgi lokacin yaƙin basasa ba. Na ce mata na yarda.

Roƙona guda ne. Ina so a sa sunan Nura a shafin farko, da hotonsa cikin kayan sarki, in kin ba ni izini. Duk zuri'armu shi kaɗai ya bi sawuna, kuma ya wuce ni nesa. Da ba don wanga littafi ba, da Nura bai kai inda ya kai ba.

Ki gaishe mini da matarsa Rukayya da 'yar jinjirar.

Babanki,
Maniru

Boɗinga, 12 ga Mayu, 2024

Baba,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa, ya ba Basira lada. Rukayya tana amsawa, yarinya ta fara rarrafe.

Baba, ka gafarce ni, yau zan yi maganar da ɗiya ba ta yi wa uba.

Ka ce da ba don littafinka ba, da Nura bai kai inda ya kai ba. Na karanta layin nan sau ya fi goma. Ina ya kai, Baba? Akwati aka kawo mini a rufe, aka ce kada a buɗe. Ko fuskarsa ban gani ba. Jirginsa ya faɗi a dajin da ban taɓa jin sunansa ba sai ran nan. Nan ya kai. Kuma ka yi gaskiya, littafinka ne ya kai shi. Abin da ban zata ba shi ne ka faɗa kamar abin alfahari.

Shekararsa sha ɗaya na tura shi hutu wurinka. Ya dawo da littafin nan, bangon baya ma babu. Da shi yake cin tuwo, da shi yake zuwa gonar albasa. Ni likita na so ya zama, ya kuma sami gurbin karatun, ya ajiye ya tafi sojan sama. Na yi kuka, na yi fushi, na tura manya. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, Baba Maniru ya yi shekara uku cikin yaƙi ya dawo da ƙafarsa. Ki sa mini albarka kawai." Na sa masa.

Bayan rasuwarsa na aro littafin a ɗakin karatu na makarantarmu, na karanta shi daga farko har ƙarshe, sau biyu. Gawa nake nema a ciki, ko guda ɗaya. Babu. Akwai rana tana fitowa ƙarƙashin fiffike, akwai kogi kamar zare, akwai dariyar samari a filin jirgi. Littafin yaƙi ne, amma ba wanda ya mutu. Ko abokinka Muhammadu ɗan Horo Birni, da ya cika babi bakwai na farko, sai kawai aka daina ambatonsa. Na tuna Nura ya dame ka da tambayar inda ya shiga, ka ce masa an canza masa wurin aiki.

Ban yarda a sa sunan ɗana ba, ban yarda a sa hotonsa ba. In da ta ni ce, da littafin ma ba a sake buga shi ba. Akwai wata uwa yanzu haka da ɗanta ɗan shekara sha ɗaya.

Ɗiyarka,
Rahamatu

Boɗinga, 20 ga Yuni, 2024

Baba,

Bayan gaisuwa da barka da Sallah. Ruwa ya sauka nan, an yi shuka. Ina fatan can ma haka.

Sati biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Kullum mai mota ya tsaya a ƙofar makaranta sai in ɗaga kai, ya sauke fasinja ya wuce. Ko Sallah ba ka aiko da gaisuwa ba, abin da ba ka taɓa fasawa ba tun rasuwar mahaifina. Na gane. Na faɗi abin da ya ɓata maka, ka zaɓi littafinka. Ban kira Basira ba don kada in sa ta tsakani.

Ba zan janye maganata ba. Amma shirun ya fi mini zafi da a ce ka zage ni. In an riga an buga, ka gaya mini, don kada in fara ganinsa a hannun ɗalibata.

Rahamatu

Shagari, 8 ga Yuli, 2024

Ɗiyata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, ba ni da lafiya. Ba fushi na yi ba. Kwana biyu bayan na aika miki takardata na faɗi a bakin masallaci, jini ne ya hau. Sati biyar na yi kwance a asibiti a Sakkwato, ɓarin hagu ya saki. Ni na hana a gaya miki, na ce ɗawainiyar da ke kanki ta isa. Basira kuma ta ɓoye takardunki biyu sai shekaranjiya, da ta ga na fara zama da kaina.

Layin da ya ƙona ki, wallahi ba kabari nake nufi ba. Muƙaminsa nake nufi, da yadda manyansa sunka yabe shi. Amma na sake dubawa, na ga karatun da kinka yi mishi ya fi nawa gaskiya.

Kin nemi gawa a littafin ba ki samu ba. Akwai ta, ni na cire.

Ba a canza wa Muhammadu wurin aiki ba. Wata safiyar Laraba munka tashi mu biyu, ni gaba shi a damata, kusa da har ina ganin hularsa ta cikin gilashi. Mun gama aikin da anka aike mu, mun juyo gida, sai anka buɗe muna wuta daga cikin itatuwa. Ban ji komai ba sai na ga hayaƙi baƙi yana fita ƙarƙashin fiffikensa. Na ce mishi ta rediyo, "Muhammadu, fita! Ja lemarka ka fita!" Ya ce, "Murfin ya ƙi buɗewa." Muryarsa lau, kamar mai cewa ƙofar ɗaki ta cije. Na ce ya sake gwadawa. Ya ce, "Maniru, ka gaya wa tsohuwata..." Nan maganar ta yanke. Na bi shi da ido har ya shige cikin daji, wuta ta tashi. Na yi ta zagaya wurin har allurar mai ta kwanta, sannan na koma ni kaɗai. Shekararsa ashirin da huɗu. Ba a samu abin da za a rufe ba.

Da anka ba ni hutu na ɗauki jakarsa na tahi Horo Birni. Na iske tsohuwar tana sussukar gero a tsakar gida. Tana ganin jakar ta aje taɓarya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Ya bar mini sallahu?" Rahamatu, me zan ce? Na ce, "Ya ce ki yafe mishi." Ta dube ni ta ce, "To me ya taɓa yi mini?" Ƙaryata ta farko ke nan.

Da na zo rubuta littafin, na kai ƙarshen babi na bakwai na tsaya. Wata uku ina buɗe shafin ina rufewa. Daga baya na tsallake, na ci gaba da na takwas kamar ba a yi komai ba. Na gaya wa kaina don mutuncin tsohuwar na yi. Ba don ita ba ne. Ni ne ban iya sake ganin hayaƙin nan ba.

Sannan yaro ɗan shekara sha ɗaya ya zauna gabana a zaure, ya rubuta mini a bayan littafin makarantarsa, don ya san ba ni ji, "Baba, ina Muhammadu ya tafi?" Allah ya ba ni dama ta biyu in faɗi gaskiya, na sake tsallakewa. Na ga yadda idonsa ke haske, na ƙi in kashe shi. Da na gaya mishi ran nan, wataƙila da yanzu likita ne a Boɗinga, yana ɗauke da ɗiyarsa. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, ni ma na gaya wa wasu. Amma tun da na karanta takardarki ban iya haɗiye wanga ba.

Na rubuta wa Malama Rashida ta dakatar da aikin. Ba za a buga ba. Babin kuma na zauna na rubuta shi a kwana biyun nan, shafi tara, ba don kowa ba. Yana wurin Basira.

Ban cancanci komai wurinki ba. Amma in kin iya, ki aiko mini ko layi biyu cewa kin yafe. Shekaruna saba'in da tara, jikin kuma ya fara sallama.

Babanki,
Maniru

Boɗinga, 19 ga Agusta, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne. Ban san ka kwanta ba, da ban rubuta takarda ta biyu yadda na rubuta ta ba. Mu nan lafiya, gero ya fitar da kai, yarinyar Nura ta fara tsayawa tana dafa bango.

Na yi jinkiri. Ka karanta har ƙarshe za ka ga dalili, ko da yake dalilin ba mai kyau ba ne.

Akwai akwatin kayan Nura da aka dawo da shi daga bariki. Rukayya ta kawo mini shi tun bara, na tura ƙarƙashin gado ban taɓa buɗewa ba. Ran da na karanta takardarka na jawo shi. Littafinka yana ciki, tsakanin rigunansa, ya sa an ɗinke masa bango da fata. Na buɗe ƙarshen babi na bakwai don in ga wurin da ka tsallake. A farin da ya rage a ƙasan shafin akwai rubutunsa, da kwanan wata na shekarar da ya cika sha tara, wata huɗu kafin ya tafi soja. Ga shi yadda ya rubuta, ban canza ko harafi ba:

"Yau na je Horo Birni. Na sami ƙanwar Muhammadu, ana ce mata Kulu. Ba canjin wurin aiki ba ne. An harbo jirginsa ya mutu, a gaban idon Baba Maniru. Ta ce Baba ne ya kawo musu labari, kuma duk kaka sai ya zo ya duba tsohuwar har ta rasu. Ba zan gaya wa Baba na sani ba, kada ya ji kunya. Ba zan gaya wa Inna ba, kada ta ji tsoro. Zan tafi duk da haka."

Baba, ya sani. Ran da ya durƙusa gabana yana cewa ka dawo da ƙafarka, ya san akwai wanda bai dawo ba. Ba ka yaudare shi ba. Shi ne ya rufe mu duka biyu, ni da kai, kamar mu ne yaran.

Ya kamata in aiko maka da wannan tun washegari. Ban iya ba. Shekara ɗaya da rabi ina riƙe da fushinka, da shi nake tashi in je aji, da shi nake dawowa. Da na karanta rubutun nan sai na rasa wanda zan ɗora wa. Na ji haushin Nura, Allah ya gafarta mini, haushin mamaci. Na ji haushinka kuma da ka zama ba ka da laifin da na ba ka. Kullum in ce gobe zan rubuta. Jiya Rukayya ta same ni zaune da littafin a cinya, na miƙa mata ta karanta. Ta yi kukanta ta share, ta ce, "Inna, tsohon nan fa yana can yana jira." Shi ne na ji kunya.

Na yafe maka, duniya da lahira. Ni ce ma zan roƙe ka, don na ɗora maka kayan da ba naka ba kana kwance. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan taho da littafin ka ga rubutun da idonka. Zan taho da yarinyar, ba ka taɓa ganinta ba.

Ɗiyarka,
Rahamatu

Shagari, 2 ga Satumba, 2024

Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun koma gida lafiya, ke da Rukayya. Mun gode da zuwa gaisuwar Baba da kwanakin da kunka yi tare da mu. Allah ya bar zumunci, shi kuma Allah ya jiƙansa. Baƙi sun ragu, jiki sai a hankali.

Yaya, da waya zan iya kiranki, amma na san in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba.

Ran da kinka iso, kin jawo ni bayan rumbu kin ce, "Basira, ya karanta takardata?" Na ga fuskarki, na ce eh. Na ce ya karanta har ya yi murmushi. Ba haka anka yi ba.

Baba ya cika da asubar Talata. Anka yi mishi sutura da hantsi. Mai mota ya kawo takardarki da azahar, maza na dawowa daga maƙabarta. Ni na amsa. Bai gan ta ba.

Tun da ya aika miki tasa, kullum bayan azahar sai ya sa a fitar da shi zaure a kujera, inda yake hangen titi. In na kawo mishi fura sai ya ɗaga gira, in girgiza kai. Sai ya maida ido ga titi. Sau ɗaya kawai, ana saura kwana uku, ya ce, "Ƙyale ta, Basira. Tana da gaskiya." Sau biyu na ɗauki waya in kira ki, ya hana ni. Ya ce yafiya ba a karɓo ta da matsi. Ni ma da na ƙi jin maganarsa.

Na so in bar ki da abin da na gaya miki. Amma na karanta takardarki, na karanta shafi taran da ya bar mini, na ga abin da irin wagga ƙarya ta tausayi ta yi wa gidanmu shekara hamsin. Ban so in ɗora sabuwa. Ki yafe mini, ta farkon da wagga duka.

Malama Rashida ta zo ta'aziyya. Ta ce aikin yana nan yadda Baba ya tsayar da shi, sai abin da magada sunka ce. 'Yan'uwana sun bar mini magana. Ni kuma na ce mata ba tawa ba ce, taki ce. Abin da kinka ce shi za a yi.

Ƙanwarki,
Basira

Boɗinga, 5 ga Satumba, 2024

Basira,

Wa'alaikumus salam. Yaya ƙarin haƙuri? Mu nan muna nan.

Ba ki yi mini laifi ba. Tun a bayan rumbun na so in gane, don ba ki dube ni ba da kika ce eh. Na karɓa ne don ina so. Kin kyauta da kika faɗa.

Ki gaya wa Malama Rashida ta buga. A sa shafi taran nan a wurinsu, bayan babi na bakwai, kada a gyara masa ko kalma. A ƙarƙashinsu a sa abin da Nura ya rubuta, zan aiko da littafin ta ɗauki hoton shafin. A shafin farko a sa suna biyu, na Muhammadu a sama, na Nura a ƙasa. Amma ta dakata sai na je Horo Birni. Na tambaya an ce Kulu tana da rai. Mamacinsu ne, ba za mu sa shi a kasuwa ba sai mun durƙusa mata.

In ya fito, yaron da zai karanta ya karanta duka. In ya ce zai tafi duk da haka, aƙalla uwarsa ma ta karanta.

Zan taho sadakar arba'in. Ki sa wani daga cikin maza ya nuna mini gefen da kabarin yake, ko daga bakin hanya in tsaya.

Kwana uku ke nan ban shiga aji ba. Ina zuwa ƙofar makaranta sai in kasa wucewa. Layi biyu kawai ya roƙe ni, Basira. Sati shida na yi ban rubuta ba, kuma motar Shagari kullum sai ta tsaya a nan.

Yayarki,
Rahamatu